Jarkokin Goggo

Goggona ba ta taɓa yarda da famfo ba. Ko yana zuba kamar zai tsage, sai ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu, ta ce, "Yau dai ka zo. Gobe fa?" Ni da na tashi a hannunta na ɗauka kowace uwa haka take magana da famfo, sai da na fara shiga gidajen ƙawaye.

Ƙanwar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni bayan rasuwar mahaifiyata, ina ƙarama ko ɗaurin zani ban iya ba. Ba ta da miji a lokacin, ba ta da ɗa. Muna zaune a gidan haya irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida, igiyoyin shanya sun ratsa ta ko'ina. Sana'arta wankau. Tun da sassafe ake kawo mata ƙullin kaya daga gidajen ma'aikata, ta zauna kan 'yar kujera gaban baho har rana ta take, hannayenta kullum fari fat da cin sabulu. Doguwa ce siririya, maganarta kaɗan, dariyarta ta fi maganar ƙaranci.

Ta daɗe da rasuwa yanzu, amma har yau idan na haɗu da tsofaffin maƙwabta, da an ambace ta sai wani ya kaɗa kai ya ce, "Allah sarki, matar nan mai rowar ruwa." Maganar nan tana ƙona min rai. Mafi yawan masu faɗinta sun sha daga hannunta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ɗakunanmu biyu ne. Ɗaya na kwana, ɗaya kuma ɗan tsukuku ne da mai gidan ya gina don ajiyar tarkace, ko taga babu. Wannan Goggo ta mayar ɗakin ruwa, ta sa masa kwaɗo, makullin yana rataye a wuyanta da zare, ko wanka za ta yi ba ta cire shi.

Ba kowace jarka ke shiga ɗakin nan ba. Sabuwa take saye, wadda ba a taɓa zuba mata mai ko fetur ba, don ta ce warin ba ya barin roba ko an wanke sau ɗari. Za ta zuba tsakuwa da ruwan zafi a ciki, ta girgiza har kafaɗunta su gaji, ta ɗauraye, ta kife a rana. Ruwan kuwa sai ta tafasa shi, ta bar shi ya huce a rufe, ta tace da farin ƙyalle, sannan ta cika jarkar har wuya ta murɗe murfin da dukkan ƙarfinta. Ba ta ajiye su a ƙasa, a kan katako take jera su, ta lulluɓe da baƙin zani. Kowace jarka da ɗan ƙyalle a ɗaure a hannunta, da launinsa take gane wadda ta riga wata shiga. Idan ruwa ya daɗe, sai ta fito da shi ta juye a bahon wanki, ta sake wanke jarkar ta sake cikawa. Don haka aikin ba ya ƙarewa. Kafin ta gama da ta ƙarshe, ta farko ta tsufa.

Ni kam ina yarinya na tsani ranar jarka. Ƙawayena suna wasa a waje, ni ina riƙe da ƙyallen tata, hayaƙi yana cin idona. Na taɓa ce mata, "Goggo, wai yaƙi za a yi ne?" Ta ce, "Riƙe da kyau, yana zuba ta gefe." Iyakar amsar da na samu ke nan.

Ƙyallayen nan masu launi daga wajen Tela take samunsu. Ɗakinsa ne ke kallon namu, kekensa yana bakin ƙofa, a nan yake ɗinki yana hira da duk wanda ya gifta. Gajeren mutum ne mai faɗin dariya, ga 'ya'ya cike da ɗaki, matarsa kuwa shiru-shiru. Shi ya sa wa Goggo suna Hukumar Ruwa, kuma shi kaɗai ke kiranta haka a gabanta ya kwana lafiya.

"Hukuma, ina kwana? Yau akwai sanarwa?"

"Sanarwa ɗaya ce, Tela. Ka sayi jarka."

"In ajiye ta a ina, Goggo? Ɗakina ko allura ce ta faɗi, a kan yaro za ta sauka."

Sai ta ja tsaki, amma ina ganin gefen bakinta yana motsi. Duk yamma yakan tara mata ragowar yadi a leda, ita kuma ta wanke wa yaransa kayan makaranta ba ta karɓar komai.

A faɗi gaskiya, ɗauke ruwa na yau da kullum bai taɓa sa Goggo rowa ba. Tana da duro biyu na wanki a bakin ƙofa, idan famfo ya yi yajin aikinsa na wuni ɗaya ko biyu, duk gidan a nan suke ɗiba, har yara su yi mata ɓarna ta kawar da kai. Ɗakin ruwa ne kawai ba a taɓawa. Idan an matsa mata sai ta ce, "Wannan ba na irin yau ba ne."

Sai da na isa aure sannan na san irin ranar da take nufi. Muna wankin jarka da hantsi, ba tare da na tambaye ta ba, ta fara magana tana kallon cikin baho. Ta ce tana amarya, a garin da suka fara zama da mijinta, rikici ya tashi aka hana kowa fita. Mijin yana wajen aiki, hanya ta rufe da shi a can. Ita kaɗai a ɗaki da jariri ɗan makonni, famfo ya ƙafe tun ranar farko. Ta shanye abin da ke tulu, ta shanye wanda ta jiƙa wanki da shi. Kowa cewa yake gobe za a buɗe hanya. Ta ce da farko yaron yana kuka tana jin haushi, daga baya ta koma roƙon Allah ya yi kukan. Nononta ya ɗauke ƙaf, tana sa masa yana ja babu komai. Ranar da aka buɗe hanya mijin ya shigo da ruwa a bokiti, ya tarar ta riga ta lulluɓe yaron.

Ba ta sake haihuwa ba. Auren ma bai yi nisa ba bayan haka. Da ta gama ba ni labarin sai ta miƙo min jarka ta ce, "Kife wannan a can inda rana take." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.

Na yi aure, mijina direban babbar mota ne, yau yana gida gobe yana wata uwa duniya. Da cikina ya tsufa sai na dawo wajen Goggo, don ba na son naƙuda ta same ni ni kaɗai. A hannunta na haifi 'yata ta fari, cikin damina. Ba mu yi wata guda da haihuwar ba aka soma wani irin ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba ya ɗaukewa sai dai ya sassauta ya dawo. Rafin da ya raba unguwarmu da cikin gari ya cika ya tumbatsa, ya tafi da gada, babban bututun ruwan da ke bin gefen gadar ya karye tare da ita. Mijina yana can ƙetare, sai dai mu yi waya, ita ma wayar daga baya caji ya ƙare.

Abin takaici, ruwa ko'ina amma babu na sha. Tsakar gidanmu har idon sawu, ruwan kwata da na masai sun haɗe sun gangara cikin rijiyoyin unguwa. Masu tura ruwa a kura babu hanyar shigowa. Na kanti ya ƙare tun ana ganin abin wasa ne. Da sama ta ɗauke, wanda mutane suka tara a bokitai bai je ko'ina ba, duron Goggo biyu ma aka kwashe su tas. Itace ya jiƙe, gawayi ya yi wuya, ko mutum ya ɗebo na rijiya ba shi da abin tafasa shi. Aka fara jin amai da gudawa a layin bayanmu.

Ranar da duro na biyu ya ƙare, Goggo ta cire makulli daga wuyanta ta buɗe ɗakin ruwa. Ban taɓa ganin ta buɗe shi don a sha ba sai ranar. Ta fito da jarka ɗaya, ta mayar da kwaɗo, ta shigo ta rufe ƙofa. Ta cika babban kofi ta miƙo min.

"Shanye."

"Goggo, ba na jin ƙishi sosai."

"Ba ƙishinki nake tambaya ba. Shanye."

Haka ta riƙa yi min safe, rana da yamma. Idan ina shayar da yarinya sai ta zo ta durƙusa kusa da mu, ta kasa kunne tana sauraron haɗiyarta. Sai ta ji ƙut, ƙut, sannan ta miƙe. Ita kanta kuwa jiƙa maƙoshi kawai take yi. Na ga leɓenta ya fara tsagewa, na yi magana, ta ce in kula da abin da ke gabana.

Kwanaki suka ja, babu labarin gyara. Kullum sai wani ya shigo da zancen gobe motocin ruwa za su zo, goben ta yi shiru. Matan gidan suka fara zuwa ƙofarmu da kofuna, Goggo tana zuba wa mai jariri da mai tsoho rabin kofi, rabin kofi, fuskar nan a murtuke. Ba ta taɓa barin kowa ya leƙa ɗakin ba.

Wata safiya Tela ya yi sallama. Yana riƙe da bokiti, yana murmushi, amma murmushin bai kai ido ba.

"Hukuma, yau dai talakawanki sun zo da kansu."

"Ina jin ka, Tela."

"Goggo, jarka ɗaya za ki taimaka min da ita. Yaran nan tun jiya babu abin da ya shiga bakinsu, ƙaramin har ya daina tashi wasa. Da ruwa ya dawo ni da kaina zan wanke miki ita in cika."

Goggo ta shiga ciki ta ɗauko gorar roba, ta cika ta daga jarkar da muke sha, ta miƙa masa.

"Ga wannan. A ba ƙananan da cokali."

Ya kalli gorar, ya kalli bokitinsa. "Goggo, mu bakwai ne."

"Na sani. Abin da zan iya ke nan."

Ina daga ciki na kasa haƙuri. Na fito da yarinya a kafaɗa na ce, "Haba Goggo! Jarkoki sun fi goma a ɗakin nan. Tela ne fa!"

Ta juyo ta kalle ni, wani kallo da ban taɓa gani a idonta ba. "Kin san ranar da ruwa zai dawo?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba. In na ba shi guda, ɗaki nawa ne a gidan nan? Wa zan hana? Kafin rana ta faɗi babu ko ɗigo. Sannan ki shayar da ita da me?"

Na buɗe baki, Tela ya ɗaga min hannu. "Ƙanwata, bar shi. Gaskiyar Goggo ce, mai shayarwa ita ce gaba. Ai ta daɗe tana yi min sanarwa, ni ne ban ji ba." Ya yi 'yar dariya, ya yi godiya har da rusunawa, ya kai wa matarsa gorar. Jim kaɗan na ga ya fito da bokiti biyu ya nufi ƙofar gida.

Kowa ya san inda ake zuwa. A bakin karyayyiyar gada, bututun da ya tsage yana ta tsiyayar da ruwa mai kyau, sai dai yana can ƙasa, sai mutum ya gangara ta gaɓar da rafi ya riga ya cinye ƙarƙashinta. Samari masu ƙarfi ne ke sauka, su ma da igiya. Goggo ta bi shi har zaure tana cewa, "Tela, kada ka sauka da kanka, ka ba yaran nan su ɗebo maka." Ya ce, "To, Hukuma," bai waiwayo ba.

Na koma ɗaki na ƙi yi mata magana. Ta kawo kofi, na karɓa ba tare da na kalle ta ba.

Rana ta take muka ji ihu daga bakin layi. Wai Tela ya cika bokiti ɗaya ya miƙa sama, ya sunkuya zai cika na biyu, gaɓar ta zabtare da shi. Mutanen unguwa suka bi rafi da gudu. Sai can da yamma suka same shi, ya maƙale a jikin wata bishiya da ruwa ya kayar. A kan ƙyauren ƙofa suka ɗauko shi, suka shigo da shi ta gaban kekensa.

Ba zan iya kwatanta kukan gidan nan ba, kuma ba na so. Goggo ba ta yi kuka ba. Tana zaune a bakin gado, hannayenta a kan gwiwa, tana kallon bango. Ni kuwa kuka nake ina jin haushinta, ina jin tausayinta, ina jin haushin kaina da nake da nono cike a ƙirji.

Ana cikin haka aka ɗaga labulenmu. Matar Tela ce. Idonta a bushe, muryarta ƙasa-ƙasa kamar kullum. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya.

"Goggo."

Goggo ta ɗago.

"Ba na sha na zo roƙo ba. Yayansa ya zagaye unguwa bai samu mai tsabta da za a yi masa wanka ba. Duk taɓo ne a jikinsa, har cikin kunne. Ba na so a kai shi haka."

Na ga hannun Goggo ya tafi wuyanta. Ta yi ta laluben zaren, ta kasa cire shi ta kai, sai ta fizge shi ya tsinke. Ta buɗe ɗakin ta bar ƙofar a wangale. Maza suka taso za su taya ta, ta ce kada wanda ya taɓa. Ita da kanta, da tsufanta da ƙishinta, ta riƙa ɗaukar jarka tana ratsa tsakar gida cikin caɓi, ta dire a ƙofar Tela, ta dawo ta ɗauki wata. Da ta kai ta uku yayan mamacin ya ce, "Ya isa haka, Goggo, Allah ya saka." Kamar da bango yake magana. Ta koma ta kawo ta huɗu, ta kwance murfin, ta ce wa matar, "Wannan ta yara ce." Matar ta ce, "An gode." Daga wannan ba ta taɓa gaya wa Goggo wata magana a kan abin ba, mai daɗi ko marar daɗi, har 'yan uwanta suka zo suka kwashe ta da yaran bayan ta gama takaba.

Duk gidan suna tsaye suna kallon cikin ɗakin ruwa, wanda ba su taɓa gani ba. Sun ga sauran jarkokin a jere a kan katako, da ƙyallayen Tela a hannuwansu. Na ga yadda suke kallon juna.

Washegari da hantsi motocin ruwa suka samu hanya ta bayan gari suka shigo, aka yi ta layi da bokitai. Ruwan Goggo ya yi saura, saura mai yawa. Mutane sun riƙe wannan, suna cewa da ta ba Tela da yana nan. Haka ne, da yana nan. Amma a ranar da ya tsaya da bokiti a ƙofarmu babu mahalukin da ya san motoci za su zo, kuma waɗanda suka fi kowa zaginta ba su taɓa sa jariri a nono suka ji babu komai ba. Na yi shekaru ina juya abin nan a raina, ban samu inda zan ajiye shi ba. Ita ma ba ta samu ba. Ta ci gaba da wanke jarkokinta da cika su har ƙarfinta ya ƙare, sai dai ba ta ƙara yi wa famfo magana ba.

A yammacin ranar da Tela ya rasu dai, bayan an fita da shi, gidan ya yi tsit, Goggo ta shigo ɗaki ƙafafunta duk taɓo. Ba ta zauna ba. Ta ɗauki babban kofin nan, ta cika shi har baki, ta miƙo min. Ruwan yana zuba a kan yatsunta.

Na ce, "Goggo, wallahi ba zan iya ba. Ba zai wuce min ba."

"Za ki iya."

"Ki bar ni yau kawai."

Sai a lokacin na ga hawaye a fuskarta, yana gangarowa ba ta share ba. Ta ce, "'Yar nan, na riga na saya miki shi da tsada. Yarinya za ta tashi da yunwa. Sha."

Yarinyar ta motsa a kan gado, ta fara laluben hannunta da baki. Na karɓi kofin na shanye.